Yadda malami zai sa ɗalibai su yi rubutu da kansu a zamanin ChatGPT

Tun da kamfanin OpenAI ya saki ChatGPT, manhajar ƙirƙirarriyar basira mai amsa tambaya da yin rubutu, a ƙarshen Nuwamban 2022, jingar nan ta "rubuta shafi uku a kan kaza, ka kawo ran Litinin" ta daina nuna wa malami komai. Na'ura na gama ta cikin daƙiƙoƙi. Abin yi shi ne malami ya sauya fasalin aikin, ta yadda zai ga hanyar da ɗalibi ya bi kafin ya kai ga takardar ƙarshe.

Da farko a cire rai daga manhajojin da ake cewa suna gano rubutun ƙirƙirarriyar basira. OpenAI da kansa ya fitar da irinta a Janairun 2023, ya janye ta a Yuli, don kashi 26 cikin ɗari kacal na rubutun na'ura take kamawa, sannan tana yi wa kashi 9 na rubutun mutane ƙage. Wani bincike na Jami'ar Stanford a shekarar ya gano irin waɗannan manhajoji sun ɗauki fiye da rabin rubutun waɗanda Turanci ba harshensu na gado ba ne a matsayin na na'ura. Dalili kuwa, abin da suke aunawa shi ne sauƙin hasashen kalmar da za ta biyo baya, kuma mai ƙarancin kalmomi dole jimlolinsa su zo da sauƙin hasashe. Jami'ar Vanderbilt ta Amurka ma ta daina amfani da irin wannan manhaja ta kamfanin Turnitin a Agustan 2023. Ba a kayar da ɗalibi a kan irin wannan shaida.

Sai ƙa'ida. Ɗalibai da yawa ba su san inda iyaka take ba, domin ba wanda ya shata musu. A saman kowace jinga a rubuta ɗaya cikin uku: an hana na'ura sam, ko an yarda da ita wajen neman bayani da gyaran nahawu kawai, ko an yarda da ita a ko'ina. A na biyu da na uku, ɗalibi ya ƙara layi biyu a ƙasan aikin, ya faɗi manhajar da ya yi amfani da ita da abin da ya tambaye ta. Wanda ya faɗi gaskiya kada a rage masa maki, in ba haka ba gobe kowa zai ja bakinsa ya yi shiru.

Tambayar kanta ita ce rabin aikin. Kafin a ba ɗalibai, malami ya fara liƙa ta a ChatGPT. In amsar da ta fito za ta iya cin rabin maki, to tambayar ba ta nuna ba, a sake ta. Maimakon "Tattauna illolin sare dazuzzuka", a ce: "Zaɓi hujja ɗaya da ba ka yarda da ita ba a muhawarar da muka yi a aji, ka rushe ta da misali biyu daga littafin darasi, tare da lambar shafi." Na'ura ba ta halarci muhawarar ba.

Daga nan a rarraba makin a kan matakai. Ga tsarin da ke aiki a jingar mako uku: maki 15 ga tsarin aiki da za a rubuta da biro a cikin aji, minti ashirin, maki 25 ga daftarin farko, 40 ga aikin ƙarshe, haɗe da sakin layi ɗaya da ke bayanin abin da aka gyara da dalili, 20 ga kare aikin da baki. Wannan na ƙarshe shi ne mai tona asiri, kuma minti biyar ya ishe shi. Tambaya uku: me ya sa ka fara da wannan hujja, me wannan kalma take nufi a nan, a ina ka karanta wannan? Wanda ya yi da kansa zai amsa ko da in-ina. In aji ya yi yawa, a yi ƙuri'a a kira mutum ɗaya cikin biyar, amma kowa ya san da zancen tun ranar farko.

Masu rubutu a Google Docs su buɗe wa malami tarihin gyare-gyare. Shafi uku da suka bayyana tashi ɗaya abin tambaya ne, sai dai mai wayo zai iya kwafa da hannu kalma-kalma, kuma wani a wata manhajar ya rubuta kafin ya liƙo. A duba manazarta kuma: na'ura takan ƙirƙiri sunan littafi da marubuci da shekara, duk babu su. A ɗauki biyu a neme su a Google Scholar, shafin neman rubuce-rubucen ilimi.

Inda malamai ke yin tuntuɓe shi ne ɗora maki mai yawa a kan santsin harshe. Hakan tura ɗalibi ne wurin na'ura, don a nan ta fi shi. Haka in jinga huɗu suka haɗu a mako guda. Ƙarin kwana biyu ga wanda ya roƙa tun da wuri ya fi zaman kwamitin ladabtarwa sauƙi.

In zargi ya taso, a kira ɗalibi shi kaɗai, a ajiye aikin kusa da abin da ya rubuta a aji, a ce ya yi bayanin sakin layi na biyu. In ya kasa kuma karon farko ne, ya sake rubutawa a gaban malami a kan rabin maki. In ya maimaita, sai a bi dokar makaranta, da rubutacciyar shaida.