Darasi na 7: Idan Saƙon Imel Ya Ɓata Hanya

Mai rarraba wasiƙu a gidan waya na Sabon Gari ba sunan mai wasiƙa yake fara dubawa ba, unguwa yake dubawa, ya ware na Samaru gefe, na Tudun Wada gefe. Haka sabar imel, wato kwamfutar da ke karɓa da tura saƙonni, take aiki. Abin da ke bayan alamar @ a adireshi, wanda ake kira domen, shi ne unguwar.

Mu ɗauka wata makaranta a nan Zariya tana da sabar guda mai manhajar sarrafa imel ta Postfix, sai aka ƙara mata domen na biyu domin shagon littattafanta, amma duk saƙon da aka aiko wa shagon sai ya koma wa wanda ya aiko shi. Kafin ka taɓa komai a cikin sabar, ka tabbatar saƙon ya san hanyar ƙofarta. Rubuta umarnin dig MX tare da sunan domen ɗin, za ka ga sabar da aka yi rajistarta don karɓar saƙonninsa. Idan sun fi ɗaya, wadda lambar da ke gefenta ta fi ƙanƙanta ake fara gwadawa, wato 10 kafin 20.

Idan wannan ya yi daidai, sai ka buɗe kundin da sabar take rubuta labarin kowane saƙo, wanda a kan tsarin aikin kwamfuta na Ubuntu yake /var/log/mail.log. A nan ne masu koyo suka fi yin garaje, su kama sauye-sauye ba su karanta ko layi ɗaya ba, alhali kuwa amsar tana rubuce a gabansu. In ka ga "Relay access denied", ma'anarsa saƙon ya iso ƙofa amma sabar ba ta san domen ɗin nata ba ne. Maganin yana cikin main.cf, fayil ɗin saitunan Postfix: domen da masu shi suke da asusu a kan na'urar ana sa shi a mydestination, wanda akwatunansa na saƙo ne kawai ana sa shi a virtual_mailbox_domains, wanda kuma za a miƙa wa wata sabar ana sa shi a relay_domains. Kada a rubuta domen ɗaya a biyun farko lokaci guda. Kada kuma gajiya ta sa ka buɗe wa kowa hanyar tura saƙo ta sabarka, domin masu saƙon damfara ba sa daɗewa ba su gano ta ba, daga nan kuma sai sauran sabobi su daina karɓar naka.

Idan ka gyara fayil ɗin transport, wanda yake nuna inda saƙon kowane domen zai nufa, dole ka bi shi da umarnin postmap, wanda ke mayar da shi sigar da Postfix yake karantawa, sannan umarnin postfix reload. Wanda ya manta da postmap, sabar za ta ci gaba da bin tsohuwar hanya kamar bai yi komai ba. Saƙonnin da suka maƙale kuwa ba su ɓata ba, Postfix yana riƙe su har kwana 5 yana sake gwadawa, kuma umarnin mailq zai nuna maka su.

Aiki: aika saƙo ɗaya zuwa kowane domen, ka kwafo layin da kundin ya rubuta a kansa cikin littafinka, ka kawo wa malam a zama na gaba.