Darasi na Bakwai: Tayar da Tsohuwar Mota a Gida

A cikin garin Bauchi, daga Jahun zuwa Fadaman Mada, ba ka rasa ƙofar gidan da aka jingine tsohuwar mota a gindin dogon yaro. Tayoyi sun sace, awaki sun mai da rufinta wurin hutawa. In ka share ƙurar gabanta, sau da yawa hoton zaki za ka gani. Peugeot 504 ke nan.

An fara ƙera 504 a Faransa a 1968, aka zaɓe ta motar shekara a Turai a 1969. A 1975 kamfanin Peugeot na Najeriya, wato PAN, ya fara harhaɗa motocin Peugeot a Kaduna, kuma bai ajiye 504 ba sai bayan shekarar 2000, alhali Turawa sun daɗe da barinta. Ita ce motar ofis, ita ce motar ma'aikacin da ya samu rancen mota. Doguwarta mai layin kujeru uku kuwa ita ta yi ta jigilar mutane zuwa Jos da Gombe, da Kano ta hanyar Ningi. A wancan zamanin mu ma a Bauchi muna da kamfanin Steyr, inda ake harhaɗa taraktoci da manyan motoci. Saboda yawan da 504 ta yi a ƙasar nan, har yau ana samun kayan gyaranta, akwai kuma dattawan kanikawa da suka san ta ciki da waje. Shi ya sa muka ɗauke ta misali. Mai tsohuwar Volkswagen ko Datsun ma zai amfana, sai dai lambobin awo kowace mota da nata.

Wani zai ce, me ya kawo mota cikin littafin yaƙi da jahilci? Ai kwance mota kowa na iyawa. Ko yaro ka ba sifana, kafin la'asar ya wargaza ta. Mayar da ita shi ne aiki. Da yawa daga motocin da suka mutu a gida ba tsatsa ce ta kashe su ba. An kwance ne ba a rubuta komai ba, aka yi watanni, aka manta wace ƙusa ce ta ina. Don haka kayan aikinka na farko biro ne da littafin rubutu mai bango mai ƙarfi.

Kafin ka taɓa sifana

In motar ta gado ce, a fara gama magana da magada, a gaban shaidu, a rubuce. Kada ka zuba kuɗinka da guminka, ranar da ta tashi 'yan'uwa su ce a sa ta cikin rabo. Sannan ka nemo takardunta. Karanta lambar shasi da lambar inji a jikin motar, harafi bayan harafi, ka kwafe su a shafin farko na littafinka, ka gwada su da na takarda. Kula da sifiri da harafin O, da kuma 8 da B. Nan ake yawan tuntuɓe.

Buɗe ƙofofi da sanda a hannu, don motar da ta daɗe a ajiye gidan rina ce da ɓeraye, wani lokaci har da maciji. Ɗaga shimfiɗa ka duba daɓen motar. Duba cikin but, da ƙasan ƙofofi, da mazaunin batir, da inda shokozoba ke ɗaure. Duk inda ka ga fenti ya kumbura, soka sukundireba. Ƙaramar 504 ba ta da shasi dabam irin na babbar mota, bodin ne da kansa yake ɗauke da nauyi. In sukundireba ta huda wurin da ƙafar mota ke ɗaure, shawarata ka haƙura: cire abin da zai yi amfani, saura ka kira 'yan gwangwan. Huda a ƙofa kuwa ba abin damuwa ba ne, mai walda zai toshe.

Nemi inuwa da ƙasa mai tauri wadda ba ta da gangare. Jak na ɗaga mota ne kawai, ba a shiga ƙarƙashi a dogara da shi. Tokare ta da kututturen itace mai kauri. Bulon siminti yakan ruguje ba sallama. In akwai batir, wayar da ke wajen alamar ragi (−) ita ake fara cirewa, ita ce kuma ta ƙarshe wajen mayarwa. Tsiyaye tsohon fetur da baƙin mai da ruwan lagireto. Kada a zuba kananzir ko man birki a gorar ruwan sha, akwai yara a gida.

Kwancewa

Ka'idar ɗaya ce: ba a cire abu na biyu sai an rubuta na farko. Tara ledoji da gwangwanayen madara. Kowane rukunin noti da ledarsa, a jefa 'yar takarda ciki: "kafireta, noti 4", ko "murfin famfon ruwa". A littafi kuma ka rubuta kwanan wata, da abin da ka cire, da lambar leda. Rubutunka bai yi kyau ba? Ba komai, kai za ka karanta. Inda kalma ta gagare ka, zana hoton abin, ka sa kibiya mai nuna gaban mota.

Karanta wannan hira tsakanin wani dattijon bakanike da saurayin da ya gaji motar mahaifinsa:

"Baba, ai na ɗauki hoto da waya. Me zai sa in wahalar da kaina da rubutu?"

"Ɗana, hoton zai nuna maka kan ƙusa huɗu. Zai gaya maka wacce ta fi tsawo?"

"A'a, Baba."

"To ranar da ka sa doguwa a ramin gajera, ka matse, za ka ji ƙas, murfi ya tsage. Ɗauki hotonka, amma ka rubuta."

Wayoyin lantarki sun fi komai rikitarwa. Kafin ka zare kowace, naɗa mata ɗan salatif ka rubuta lamba, ka sa wannan lambar a inda ta fito. Kada ka dogara da launi, don shekaru da zafin inji sun mai da ja da ruwan ƙasa abu ɗaya, ga kuma ɗinkin da masu riwaya suka yi ta yi a baya. Notin da ya ƙi kwancewa, jiƙa shi da kananzir ko man kwance tsatsa, ka bar shi ya kwana. In ka yi masa ƙarfi ya karye a cikin rami, aikin minti biyar ya koma na yini guda.

Inji

Nan za mu daɗe, don nan kuɗi ke tafiya. Injin fetur na 504 silinda 4 ne, yana zaune a karkace. Wanda aka fi sani shi ne mai lita 2. Yana da wata ɗabi'a da ya kamata ka sani tun kafin ka buɗe shi. Fistin ba a cikin bulok yake gudu kai tsaye ba. A cikin wasu bututun ƙarfe yake gudu, waɗanda kanikawa ke kira silif, ruwa kuma na kewaye da su. Tof silinda, wato murfin saman inji, shi ne yake danne su. Da ka cire tof, babu abin da ke riƙe da su. In ka juya inji a haka, fistin zai ɗago silif, hatimin da ke gindinsa ya motsa, daga baya ruwa ya riƙa gangarawa cikin baƙin mai, ka ga mai ya koma kamar kunu. Saboda haka da zarar tof ya fita, danne kowane silif da faffaɗar wosha da ƙusa kafin ka juya komai.

Bawul 8 ne, sandunan da ke tura su ma 8. A ido duk iri ɗaya ne, amma kowanne ya saba da mazauninsa. Sami kwali, huda ramuka 8 a jere, rubuta 1 zuwa 8, ka rubuta "GABA" a gefe ɗaya. Duk wanda ka zaro, soka shi a raminsa. Haka fistin da murfin da ke riƙe shi a kirankshaf: a yi musu alama, kada na biyu ya koma wurin na uku, kada kuma a juya fuskarsa. Lura, Peugeot daga baya take fara ƙidayar silinda, wato na ɗaya shi ne na kusa da giyabokis.

Akwai abin da ba a yi a tsakar gida. Wasa kirankshaf da daidaita fuskar tof silinda aikin masu injin wasa ne. Tof ɗin 504 na alminiyam ne, in inji ya taɓa tafasa yakan lanƙwashe kaɗan yadda ido ba ya gani, sabon gaskit kuma ba zai riƙe ba. Tankin mai ma kada ka yarda a kai masa wutar walda don an ce babu fetur a ciki. Tururin da ya rage shi ke fashewa.

In za ka sayen kaya, tafi da tsohon a hannu, ka aza su gefe da gefe a gaban mai shago. Abin da aka rasa a Bauchi akan nema a Ƙofar Ruwa a Kano ko Panteka a Kaduna. Ƙarfe na hannu yakan yi, wani lokaci ma tsohon na asali ya fi sabon da ake kawowa yanzu ƙarko. Amma duk abin da yake roba ko takarda, irin su gaskit, fanbel, tiyon ruwa da robobin birki, sabo za ka saya. A nan ba a rowa.

Bodi da fenti

Wannan aikin fanalbita ne da mai fenti, naka shi ne sa ido. A kankare tsatsa har sai farin ƙarfe ya fito, a yanke ruɓaɓɓen wuri a yi walda, kada a cika rami da fila a shafe. Fenti a kan tsatsa damina ɗaya yake yi. A guji fesawa ranar da ƙurar hunturu ta taso. In ka sauya launin mota ko ka sa wani inji, je ofishin lasisi a gyara takardu.

Haɗawa

Yanzu buɗe littafinka daga shafin ƙarshe ka yo baya. Abin da ka cire a ƙarshe shi za ka fara mayarwa. Wanke kowane ƙarfe da kananzir, ka shanya a kan tsabtataccen kwali, ba a ƙasa ba. Ƙwayar yashi ɗaya a cikin metal, wato siraran ƙarafan da kirankshaf ke juyawa a kansu, ta isa ta ci kirankshaf. Shafa sabon baƙin mai a duk inda ƙarfe ke gogar ƙarfe. In za ka tashi, rufe inji da leda.

Ƙusoshin tof ba a ɗaure su yadda aka ga dama. Daga tsakiya ake farawa a yi waje, kaɗan-kaɗan, zagaye bayan zagaye. Aro sifana mai auna ƙarfin ɗauri a wurin bakanike, ko ka biya shi ya zo ya ɗaure a gabanka. Ga lambobin da za ka kwafe da manyan baƙaƙe. Tazarar bawul, inji na sanyi: na shigar mai milimita 0.10, na fitar hayaƙi milimita 0.25. Dubi ɗigon nan da kyau, 0.10 ba 1.0 ba ne, na biyun ya ninka na farko sau goma. Jerin tashin wuta kuwa 1-3-4-2 ne. In ka sarƙe wayoyin filogi, mota za ta yi ta tari da harbi ta salansa, ka ɗauka wani babban abu ne ya lalace.

Birki kafin kwalliya. Mutane kan yi ɗokin kushin da rediyo su bar birki sai ƙarshe, ni kuwa ban ga amfanin motar da ke tashi ba ta tsayawa ba. Man birki na shan danshi in ya daɗe, don haka a zubar da tsohon duka, a sa sabo, a fitar da iskar da ke cikin bututun birki, taya bayan taya. Aikin mutum biyu ne, ɗaya na taka feda, ɗaya na buɗe noti. Kada man ya ɗiga a sabon fenti, yana cin sa. Ƙurar tsohon birki ba a hura ta da baki, a goge da jiƙaƙƙen tsumma. Ita ma taya, in ta shekara da shekaru a rana, ta mutu ko da zanenta bai cinye ba.

Ranar tayarwa, zuba baƙin mai da ruwan lagireto, ka juya inji da sifana zagaye biyu ka ji ko wani abu na tokarewa. Cire filogi duka, ka buga kik har fitilar mai ta mutu a dashbod, alamar mai ya zaga ke nan. Sannan ka mayar da filogi ka tayar. A ajiye bokitin yashi kusa, a kori yara. In ta kama, kada ka taka totur don maƙwabta su ji. Bar ta ta yi zafi a hankali, idonka na kan allurar zafi, kana leƙa ƙasa ko wani abu na ɗiga. Gwajin farko a cikin unguwa ne, ba hanyar Jos ba. Bayan ta yi tafiyar kimanin kilomita 1000, a sake ɗaure ƙusoshin tof, a sake auna bawul, a juye mai. Kafin ka hau babban titi kuma sai da lasisi, da inshora, da takardar shaidar lafiyar mota.

Aiki

1. An fara ƙera 504 a 1968, aka fara harhaɗa Peugeot a Kaduna a 1975. Shekara nawa ke tsakani?

2. Inji na da silinda 4, kowanne da bawul 2. Ramuka nawa za ka huda a kwali?

3. Wanne ya fi faɗi, 0.10 ko 0.25? Rubuta su sau uku-uku, kana kula da ɗigo.

4. Me ya sa ba a juya injin 504 bayan an cire tof sai an danne silif? Amsa da jimla biyu.

5. Sami wani abu a gida da ke da ƙusa, kamar fanka, keke ko injin markaɗe. Kwance shi, kana rubuta kowane mataki da lambarsa. Bar shi ya kwana uku. Sannan ka miƙa wa abokin karatunka littafin da ledojin, ya haɗa ba tare da ka ce masa komai ba. Duk inda ya tsaya yana tambaya, ja layi a ƙarƙashin wurin, ka zo da shi aji mako mai zuwa.