Yadda ake tabbatar da cewa ƙasa ta rabu da kurkunu

Rashin jin labarin kurkunu ba shaida ba ce cewa ya ƙare. Tsutsar takan yi wata 10 zuwa 14 a jikin mutum kafin bororo ya taso a ƙafa, ya fashe, farin kanta ya leƙo kamar zare. Shi ya sa sai an yi wata 14 a jere babu mai cutar sannan a ce yaɗuwa ta tsaya. Kafin Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da takardar shaida kuwa, sai ƙasa ta nuna shekara 3 cur babu ko mutum ɗaya, kuma ana sa ido sosai.

Sa idon nan shi ne ƙashin bayan aikin. Kowane ƙauyen da ya taɓa fama da cutar yana aika rahoto duk wata, ko da "babu" ne, domin watan da rahoto bai zo ba ba a ƙirga shi a matsayin sifili. A buɗe rajistar jita-jita a kowace cibiyar lafiya: duk wanda aka ce an ga tsutsa a jikinsa, a rubuta, a je a duba shi cikin awa 24, a rubuta abin da aka samu. Rajistar da ba a rubuta komai a cikinta ba abar zargi ce, don yawanci tana nufin ba a nema. A kuma shelanta tukuicin kuɗi ga mai kawo labari.

Idan an samu tsutsa, a wanke gyambon a ɗaure, a hana mutumin shiga tafki, a zuba maganin Abate, mai kashe ƙananan ƙwarin ruwa da ke ɗauke da cutar, a ruwan da ake zargi. Tsutsar kuma a saka ta a kwalba cikin sifirit, a aika ɗakin gwaji, saboda akwai wasu tsutsotsi masu kama da ita.

Daga nan ƙasa ta haɗa cikakken rahoto. Tawagar ƙwararru daga waje ta zo ta shiga ƙauyuka, har da na kan iyaka da rugage, ta nuna wa mutane hoton tsutsar, ta tambaye su ko sun san da tukuicin, ta duba ruwan da suke sha. Wata hukumar ƙasa da ƙasa mai tabbatar da kawar da kurkunu, da aka kafa a 1995, ita ke nazarin sakamakon ta ba Hukumar Lafiya ta Duniya shawara. Haka Najeriya da Nijar suka samu tasu shaidar a 2013, Gana a 2015.

Darasin Chadi yana da ɗaci. Bayan kusan shekara 10 shiru, cutar ta sake bayyana a 2010, a 2012 kuma aka gano ta a jikin karnuka. Yanzu binciken dole ya haɗa da dabbobi: a tambayi masunta da mafarauta, a ɗaure karen da ya kamu har tsutsar ta gama fita, a binne kayan cikin kifi kada karnuka su ci.