Yadda Ake Koya wa Ɗaliban Kiwon Lafiya Aiki Tare a Kan Majinyaci Ɗaya

A yawancin asibitocin koyarwa na Najeriya, ɗalibin likitanci da ɗalibar aikin jinya da mai koyon harhaɗa magunguna ta ƙofa ɗaya suke shiga kowace safiya, amma sai su kammala karatu ba a taɓa zaunar da su a kan matsalar majinyaci guda ba. Kowanne da manhajarsa da hukumar da ke ba shi lasisi, kuma sau da yawa haɗuwarsu ta farko a bakin aiki ita ce ranar da aka shigo da mara lafiya rai a hannun Allah. Takun-saƙar da ake yi tsakanin ƙungiyar likitoci ta NMA da JOHESU, gamayyar ƙungiyoyin sauran ma'aikatan lafiya, wadda ta kai ga kafa kwamitin Alhaji Yayale Ahmed da ya miƙa rahotonsa a 2014, a kan albashi da shugabanci aka fi jin ta, sai dai a ganina wani ɓangare na saiwarta yana cikin aji, inda kowa ya tashi bai san abin da ɗan'uwansa ya karanta ba.

A shekarar 2010 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da tsarin da ya fayyace koyar da ɗaliban sana'o'in lafiya a haɗe da cewa ɗalibai daga sana'o'i biyu ko fiye su koyi juna, su koya daga juna, su kuma koya tare. Malamin da zai fara wannan aiki ya lura da ma'anar nan da kyau, domin tara ɗalibai ɗari uku a babban zaure a yi musu lacca ɗaya bai cika sharaɗin ba. Ɗaliban likitanci za su zauna gefe guda, sauran su koma ɗaya gefen, a tashi kamar yadda aka zo. Abin da ake bukata shi ne rukuni ƙarami, na mutum shida zuwa takwas, da aikin da babu wanda zai iya gama shi shi kaɗai.

A zaman farko kada a kawo majinyaci tukuna. A sa kowane ɗalibi ya bayyana abin da yake zaton aikin na kusa da shi ne, sannan mai sana'ar ya gyara masa. A nan ake jin ɗalibin likitanci yana cewa aikin mai harhaɗa magunguna shi ne miƙo abin da aka rubuta ta taga, ko a ji wata tana zaton ma'aikacin ɗakin gwaje-gwaje maɓalli kawai yake dannawa sakamako ya fito. Awa ɗaya ta isa. An fi cin moriyar wannan zama idan ɗaliban sun riga sun san tushen sana'arsu, domin wanda bai san nasa aikin ba ba shi da abin da zai kawo wa rukuni.

Daga nan sai atisaye, kuma babu darasin da ya fi dacewa da mu kamar zubar jini bayan haihuwa, wanda ke kan gaba cikin abubuwan da ke kashe mata masu haihuwa. Ba sai an sayi mutum-mutumi mai tsada ba. Gado ɗaya, da wata ɗaliba da za ta kwanta a matsayin maijego, da leda, da ruwan zoɓo a gora sun wadatar. Malami ya riƙa zuba zoɓon a kan zane a hankali, ya kuma tambayi kowa yawan jinin da yake ganin ya zuba. Galibi ƙiyasin ido yakan gaza ainihin abin da aka zuba, alhali mililita 500 ne iyakar da ake cewa zubar ta wuce kima. Binciken E-MOTIVE da aka buga a 2023, wanda aka gudanar a asibitoci 80 na Najeriya da Kenya da Tanzaniya da Afirka ta Kudu, kuma Farfesa Hadiza Galadanci ta Jami'ar Bayero ta jagoranci ɓangaren Najeriya, ya nuna cewa auna jinin da leda mai ma'auni tare da yin matakan magani a lokaci guda ya rage mummunan sakamakon zubar jini da kusan kashi 60 cikin ɗari. Matakan su ne murza mahaifa, da allurar oksitosin mai sa mahaifa ta tsuke, da maganin tiranekzamik asid mai taimakawa wajen tsayar da jini, da ƙarin ruwa, da binciken inda jinin ke fitowa, da kiran na gaba idan abin ya ƙi tsayawa. Hannu biyu ba sa iya yin waɗannan a lokaci ɗaya, kuma wannan ne ya sa darasin ya zama na rukuni: ungozoma tana murza mahaifa, ɗalibar aikin jinya tana neman jijiya, ɗalibin likitanci yana dubawa, na ɗakin gwaji yana karɓar samfurin jini don a tanadi wanda zai dace idan an bukaci ƙari.

Kafin a fara, kowa ya faɗi sunansa da aikinsa da babbar murya. Wannan yana cikin jerin matakan kariya na ɗakin tiyata da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2008, kuma dalilinsa a fili yake: umarnin da aka jefa a iska, irin su "a kawo ruwa", kowa zai ɗauka da wani ake. A koya wa jagoran rukuni ya kira mutum da sunansa ya ce, "Sista, ki yi mata oksitosin yunit goma," ita kuma ta maimaita, "Oksitosin yunit goma," sannan bayan ta yi ta ce, "An yi, ƙarfe goma da minti biyar." Ɗalibai sukan yi dariya a karon farko domin abin yana kama da wasan kwaikwayo. A bar su su yi dariyar, a kuma sa su maimaita har bakinsu ya saba.

Haka nan a koya musu yadda ake kiran babban likita a waya cikin jimla huɗu: halin da ake ciki, tarihin majinyaciya, abin da mai kiran ya fahimta, da abin da yake so a yi. Wannan tsari, da ake kira SBAR, daga rundunar sojan ruwan Amurka asibitoci suka aro shi. Misali: "Ranka ya daɗe, daga ɗakin haihuwa ne, maijego tana zubar da jini, ya kai mililita 700. Haihuwarta ta shida ce, minti ashirin da suka wuce, mabiyiya ta fita. Mahaifa ba ta tsuke ba duk da oksitosin, bugun zuciya yana ƙaruwa. Ina roƙon ka zo yanzu."

Wurin da ya fi wuya, wanda kuma ya cancanci mafi yawan lokacin malami, shi ne koya wa ƙarami ya tanka wa babba. Tarbiyyarmu ta ginu a kan kunya da girmama na gaba, kuma abu ne mai kyau, amma a bakin gadon mara lafiya shirun ladabi yana iya jawo asarar rai. Hanyar da ta fi tasiri ita ce a dasa kuskure da gangan. A rubuta a katin maijegon cewa tana da hawan jini, sannan malamin da ke wasan babban likita ya ba da umarnin a yi mata allurar agometirin, wadda ba a ba mai hawan jini. Sai a zuba ido. Sau da yawa za a ga ɗalibin harhaɗa magunguna ya ɗago kai, ya dubi ungozoma, ita ma ta dube shi, kowa ya yi gum. A tsayar da atisayen a nan, a tambaye su abin da ya riƙe harshensu, sannan a ba su kalmomin da ba su saɓa wa ladabi ba: "Yallaɓai, a gafarce ni, katinta ya nuna hawan jini, ina da damuwa game da wannan allura." Idan ba a saurara ba, a sake faɗa karo na biyu, in kuma aka yi biris, a kira wanda ke sama. Ita ce ƙa'idar tankawa sau biyu da ke cikin TeamSTEPPS, shirin Amurka na horar da ma'aikatan lafiya kan aiki tare, wanda aka ƙaddamar a 2006. Shi ma mai wasan babban likitan dole ne ya nuna yadda ake karɓar gyara, ya ce, "Na gode, a dakata da ita."

Tattaunawar bayan atisaye ta fi atisayen tsawo, kuma malamai biyu daga sana'o'i daban-daban ne ya kamata su jagorance ta, suna zaune a kujeru iri ɗaya. Idan likita ne kaɗai ke magana, malamar jinya tana tsaye riƙe da takardu, to ɗalibai sun riga sun koyi darasin da ya rushe na farko. A fara da tambayar abin da ya faru da abin da kowa yake tunani a lokacin, a guji tsinka mutum a gaban takwarorinsa.

Bayan aji sai ɗakin kwantar da marasa lafiya. Jami'ar Linköping da ke Suwidin ta buɗe ɗakin horo a 1996 inda ɗalibai daga sana'o'i daban-daban ke kula da majinyata na gaske tare na tsawon mako biyu a ƙarƙashin kulawar malamai. Inda ba a da halin yin haka, a ba kowane rukuni majinyaci ɗaya da ake shirin sallama, kamar mai ciwon suga da gyambo a ƙafa, su rubuta takardar sallama guda: magungunansa da lokutan sha, wankin ciwon, abincin da zai iya samu a gidansa, da ranar dawowa awo. Su kuma zauna da mai jinyarsa, matarsa ce ko ɗansa, su yi bayani da harshen da yake ji. A ba wannan aiki maki a jarrabawar kowane sashe, domin darasin da ba shi da maki ranar Juma'a da yamma ake tura shi, lokacin da rabin aji ya riga ya kama hanyar tasha.