Kurakuran da aka fi yi da kalmar restrain da 'yan uwanta

A Hausa kalmar "hana" tana ɗaukar kaya da yawa: a hana yaro faɗa, a hana zirga-zirga, mutum ya hana kansa magana. Turanci kuwa ya rarraba wannan aikin ga kalmomi daban-daban, kuma daga nan ne ɗalibanmu suke tuntuɓe da restrain, restrict da refrain. Na sha ganin haka a takardun masu shirin WAEC, har ma a wasiƙun ofis.

Restrain riƙewa ce. Ka ga mutum ya zabura zai kai duka ka kama hannunsa, ko ka ja akuya da igiya kada ta shiga gona, wannan shi ne restrain. Ana yin ta ga mai motsi ko mai yunƙuri, har da fushi da hawaye. Kuskuren da ya fi yawa shi ne a bi ta da to, a ce "They restrained him to fight", domin a Hausa cewa muke "sun hana shi ya yi faɗa". Daidai shi ne "They restrained him from fighting". Kullum from, sannan aikatau mai ƙarewa da -ing. Haka jaridu suke rubutawa idan kotu ta dakatar da wata hukuma: "The court restrained the agency from demolishing the shops."

Restrict kuwa taƙaitawa ce, wato shata iyaka. Ranar zaɓe idan 'yan sanda sun taƙaita zirga-zirgar motoci, "movement is restricted" ake cewa, ba restrained ba, don ba wanda aka riƙe da hannu. Ba laifin ɗalibi ba ne idan ya rikice, tushensu ɗaya ne: restrain da restrict duka daga kalmar Latin restringere suka fito, mai nufin ɗaure tam.

Amma inda abin ya fi damuna shi ne restricted to. Mutum ya ga an rubuta "Entry is restricted to staff" a ƙofa, sai ya ɗauka ma'aikata aka hana shiga. Akasin haka ne! Ma'aikata kaɗai aka yarje wa. Duk abin da ya biyo bayan to shi ne aka bari a cikin da'ira, saura suna waje. Likita idan ya ce "Restrict yourself to two spoons", cokali biyu ya yarda ka sha, kada ka wuce. Kuskure a nan yana iya taɓa lafiyar mutum, shi ya sa nake nanata shi a aji.

Refrain kame kai ce, kuma asalinta daga kalmar Latin frenum, wato linzami. Kai ne dokin, kai ne mahayin, saboda haka ba a yi wa wani ita. "I refrained him" kuskure ne. Sai dai "I restrained him" ko "He refrained from talking".

Sunayensu ma a kula: kamun kai shi ne restraint, da t a ƙarshe, ƙa'idar da aka gindaya kuma restriction. Wanda ya rubuta "He showed restrain" ya yar da harafi ɗaya, kuma mai duba jarrabawa zai ja masa jan biro a wurin.