Yadda nake duba tsohon mandolin mai lantarki kafin in saya

Idan aka miƙo mini tsohon mandolin mai lantarki, wato ƙaramin kayan kiɗa mai tsirkiya mai kama da jita, ba na fara jona shi da amfilifaya. Sauti yana da ruɗi: da kunne ya ji daɗi sai ido ya daina gani. Akwatinsa nake fara buɗewa in shinshina. In wani wari mai tsami ya hau mini hanci, na san inda zan duba.

Farantin da ake mannawa a fuskar kayan kiɗan nan don kare fenti daga ƙarzuwa, a wancan zamanin da wata irin roba da ake kira seluloyid ake yawan yin sa. Idan ya tsufa yakan tsuke, wani lokaci kuma ya fara ruɓewa yana fitar da iska mai cin ƙarfe. Na taɓa ganin wanda ya shekara da shekaru a rufe cikin akwati. Katakonsa lafiya lau, amma sukurori da tsirkiyoyi da duk wani ƙarfe da ke kusa da farantin sun yi tsatsa, wasu sun koma kore. Ranar na yi baƙin ciki ƙwarai, don da an cire farantin an ajiye shi daban, da ba a kai ga haka ba. Saboda haka ka duba ko farantin ya yi tsage-tsage kamar ƙanƙara, ko yana naso, ko ya ja sukurorinsa sun karkace.

Daga nan sai ka san wane iri ne a hannunka, don kowanne da inda ciwonsa yake. Gibson EM-150, wanda ya fito a 1936, cikinsa kogo ne kamar mandolin na asali, da tsirkiya 8 bibbiyu, aka ɗora masa maɗaukin sauti, wato na'ura mai maganaɗisu da ke ɗaukar kaɗawar tsirkiya ta tura ta waya. Na bayan Yaƙin Duniya na Biyu suna ɗauke da irin wanda ake kira P-90. A 1954 kamfanin ya fitar da EM-200 mai dunƙulallen katako. Na Fender kuwa, wanda aka yi daga 1956 zuwa 1976, tsirkiya 4 kacal gare shi, jikinsa dunƙule, wuyansa kuma da sukurori aka ɗaure shi. Masu kiɗa suna ce masa Mandocaster. Akwai ma mai tsirkiya 5, irin wanda Paul Bigsby ya ƙera wa Tiny Moore a 1952, amma wannan ba abin da za ka yi karo da shi kullum ba ne.

A kan mai kogo na fi daɗewa. Tsirkiya 8 suna danna jaki, wato ɗan katakon da suke haye a kansa, shi kuma yana danna fuskar mandolin ɗin dare da rana tsawon shekaru 60 ko 70. Ka ɗaga shi daidai idonka, ka kalle shi ta gefe. Fuskar ya kamata ta yi tudu a hankali. In ka ga ta lotsa a ƙarƙashin jakin, ko an murɗa jakin ya kai ƙarshen tsawonsa don a cike gibin, to akwai magana. Ka ƙwanƙwasa fuskar da bayan yatsa. Ƙarar kaɗawa daga ciki tana nufin wani katakon tokara ya saki. Ana gyara wannan, amma aikin gwani ne, ba na gaggawa ba.

Sai wuya. Ka kalle shi daga kai zuwa gindi kamar mai duba miƙewar sanda. Ɗan lanƙwasa kaɗan ba laifi ba ne, sandar ƙarfen da ke cikinsa tana daidaita shi, muddin notinta yana juyawa. Murɗewa ce ba ta da daɗin gyara. Ka shafa bayan kai, inda wuya ya fi siranta, don nan ne yake karyewa idan ya faɗi. Ina yawo da ƙaramar tocila mai hasken ultrabayolet saboda wannan wurin: tsohon fenti yakan yi haske mai kore-kore a ƙarƙashinta, inda aka yi faci kuma yakan fito da wani launi daban. Karayar da aka gyara da kyau ba ta hana ni saye. Wadda aka ɓoye mini ce take sa in ajiye kayan in tafi.

Tsagewar fenti siriri-siriri, da inda hannu ya cinye launi, ni ba na lissafa su cikin aibi. Na fi son su a kan sabon fenti mai ƙyalli, don sake fenti yana zubar da darajar kayan, kuma sau da yawa akwai abin da aka rufe da shi.

Yanzu ne zan jona waya. Ina ɗan taɓa kan maɗaukin sautin da sukurdireba. In yana raye za ka ji ƙwas a sifika. Ƙugi kaɗan halinsa ne, ba ciwo ba. Ƙarar ƙarzuwa idan ka murɗa maɓallin sauti galibi datti ne, ana wanke shi da feshin da aka yi don haka. Amma in mitar auna lantarki ta nuna wayar da aka naɗa cikin maɗaukin ta tsinke, sai an sake naɗi. In mai kayan ya yarda a buɗe, ka karanta lambar da ke bayan maɓallan: 137 na kamfanin CTS ne, 304 na Stackpole, lambobin da ke biye kuma shekara ce da mako. Misali, 1376512 yana nufin mako na 12 a 1965. In an ce maka kayan na 1957 ne alhali ga wannan lamba, ko dai an canza maɓallin ko labarin bai cika ba. Dalma mai ƙyalli a cikin tsofaffin wayoyi ma tana gaya maka wani ya riga ka shiga.

Kada ka yanke hukunci a kan sautinsa kafin ka duba tsirkiyoyin. Maganaɗisu ba ya jin tagulla, don haka in an sa masa masu naɗin tagulla, manyan tsirkiyoyin G da D za su yi rauni, ka zaci maɗaukin ne ya mutu. Ka sa masa masu naɗin nikel ka sake ji. Sannan ka danna kowace tsirkiya a layin ƙarfe na 12 cikin waɗanda ke jere a kan wuya, ka ji ko sautin ya yi daidai. Tsirkiyar gajeriya ce, kusan santimita 35 daga kai zuwa jaki, gocewar jaki kaɗan takan ɓata sautin sama gaba ɗaya.

In ka kawo shi gida, ka goge shi da busasshen ƙyalle mai laushi kawai. Kada ka jingine shi a kan roba ko leda, suna narka tsohon fenti. Ka riƙa buɗe akwatin yana shan iska, ɗakin kuma danshinsa ya tsaya wajen kashi 45 zuwa 55 cikin ɗari. Duk abin da ka cire, ko sukuru ɗaya ne, ka sa shi a ambulan ka rubuta inda ya fito.