Yadda Ake Neman Gurbi da Haɗa Kuɗin Kwas ɗin Bazara na Dokokin Ƙasa da Ƙasa a Birnin Hague

Kowace shekara, a watannin Yuli da Agusta, ɗaruruwan ɗaliban shari'a da lauyoyi da jami'an diflomasiyya daga sassan duniya suna haɗuwa a birnin Hague na ƙasar Holan domin halartar kwas ɗin da Kwalejin Dokokin Ƙasa da Ƙasa ta Hague take shiryawa tun daga shekarar 1923. Turawa suna kiransa kwas ɗin bazara, ko da yake a wajenmu lokacin tsakiyar damina ne. Ana gudanar da shi a harabar Fadar Zaman Lafiya, ginin da attajirin nan Andrew Carnegie ya ba da kuɗin gina shi, aka buɗe shi a 1913, wanda kuma a cikinsa ne Kotun Duniya ta Majalisar Ɗinkin Duniya, mai raba gardama tsakanin ƙasashe, take zama. Wurin ba baƙo ba ne ga ɗalibin shari'a na yankinmu, domin a nan aka yanke hukuncin Bakassi tsakanin Kamaru da Najeriya a ranar 10 ga Oktoba 2002, a nan aka raba gardamar iyaka tsakanin Benin da Nijar a 2005, a nan kuma alƙali ɗan Najeriya Taslim Olawale Elias ya shugabanci kotun daga 1982 zuwa 1985.

Kuskuren da ya fi kayar da masu nema shi ne ɗaukar cewa tunda a Yuli ake karatun, a Afrilu ko Mayu ake fara shiri. Ainihin aikin a lokacin hunturu ake yinsa. Wanda bai haɗa takardunsa tsakanin Nuwamba da Janairu ba, yawanci ya riga ya rasa damar tallafi, sai dai ya biya komai daga aljihunsa.

Zaɓen zango da sharuɗɗan shiga

Kwas ɗin zango biyu ne, kowanne na mako uku. Ɗaya yana magana ne a kan dokokin da suke tafiyar da hulɗar ƙasashe da ƙungiyoyin duniya, kamar yarjejeniyoyi da iyakoki da yaƙi da haƙƙin ɗan Adam. Ɗayan kuma yana duba mu'amalar mutane da kamfanoni idan ta tsallaka iyaka: wace kotu ce take da hurumi, kuma dokar wace ƙasa za a bi, idan ɗan kasuwar Kano ya ƙulla ciniki da kamfanin Dubai aka sami saɓani, ko idan aure ya mutu tsakanin ma'aurata 'yan ƙasa biyu. Ana iya neman zango ɗaya, ana iya neman duka biyun. A ganina zango na biyun nan bai samu kulawar da ta dace da shi ba a wajen ɗalibanmu, alhali lauyan da zai yi aiki da 'yan kasuwa ya fi buƙatarsa. Tun daga 2019 akwai kuma kwas na hunturu a watan Janairu, ga wanda damina ba ta yi masa daidai ba.

Sharaɗin shiga shi ne mai nema ya yi aƙalla shekara huɗu a jami'a, cikin darussansa har da dokokin ƙasa da ƙasa, ko kuma ya riga ya mallaki digirin shari'a na shekara uku kafin a buɗe zangon. Ɗalibin Najeriya, inda digirin shari'a yake ɗaukar shekara biyar, sai ya duba da kyau ko an koyar da shi wannan darasi, domin a jami'o'i da yawa darasi ne na zaɓi, kuma sai a ajin ƙarshe ake kaiwa gare shi. Ɗalibin Nijar da ya kammala lasisinsa, wato digirin farko na shekara uku, a Jami'ar Abdou Moumouni yana shiga ta ƙofa ta biyu. Da Ingilishi da Faransanci ake koyarwa, tare da tafinta nan take, saboda haka ƙwarewa a ɗaya daga cikinsu ta wadatar, amma ta zama ƙwarewa ta gaske, irin wadda za ta ɗauki laccar farfesa ta kusan awa guda ba tare da an ɓace a hanya ba.

Takardu, da wasiƙar malami

A shafin kwalejin na intanet ake cike fom, a ɗora takardu: shafin fasfo mai hoto, takardar shaidar digiri ko takardar sakamakon jarrabawa, da taƙaitaccen tarihin karatu da aiki. Takardar sakamako ita ce takan ci lokaci, kamar yadda duk wanda ya taɓa bin sawunta daga ofis zuwa ofis ya sani, don haka ita ya kamata a fara nema. A tabbatar kuma sunan da ke kanta ya zo daidai da na fasfo harafi da harafi. Idan takarda ɗaya ta ce Muhammad, ɗaya ta ce Mohammed, wata kuma ta sa sunan gari a matsayin sunan mahaifi, to gara a yi takardar rantsuwa a kotu tun da wuri, kada abin ya taso a gaban jami'in biza.

Masu nema kashi biyu ne, kuma kowane kashi da ranar rufewarsa. Masu biyan cikakken kuɗi suna da lokaci mai ɗan tsawo, matuƙar gurabe ba su cika ba. Masu neman tallafi kuwa, bisa al'ada ƙarshen Janairu ake rufe musu ƙofa, akwai kuma iyakar shekarun haihuwa, wadda ake bayyanawa a sanarwar kowace shekara.

Ginshiƙin neman tallafi shi ne wasiƙar shaida daga malamin dokokin ƙasa da ƙasa. A nan ne ya kamata a tsaya a yi aiki. Bai kamata ɗalibi ya tare malami a bakin ofis ana saura kwana biyu a rufe, ya ce, "Ranka ya daɗe, a taimaka mini da 'yar wasiƙa," sannan ya sa ran samun abin kirki ba. Abin da yakan fito daga irin wannan gaggawa layi huɗu ne da ke cewa ɗalibin yana da ladabi da biyayya, wanda ba shi ne abin da masu tantancewa suke nema ba. Hanyar da ta fi ita ce a je wa malamin da wata guda a gaba, a miƙa masa tarihin karatu, da jadawalin darussan shekarar, da kwafin wani aiki da aka rubuta a darasinsa, domin ya sami abin da zai kama suna a kai: ga batun da ɗalibin ya yi bincike a kansa, ga makin da ya samu, ga dalilin da ya sa kwas ɗin zai amfane shi. Haka ma bayanin da mai nema zai rubuta game da kansa. Cewa "ina sha'awar zaman lafiyar duniya" magana ce da kowa zai iya faɗa. Wanda ya ce yana rubuta kundin digirinsa na biyu a kan rabon ruwan Tafkin Chadi, kuma ya ga wani darasi a jadawalin da ya shafi albarkatun da ƙasashe suke tarayya a kansu, ya ba masu tantancewa dalilin da za su tuna da shi.

Lissafin kuɗi

Da Yuro ake biyan komai, don haka da Yuro ya kamata a yi kasafi tun daga farko. Manyan abubuwan su ne kuɗin rajista, wanda kwalejin take sanarwa kowace shekara, da tikitin jirgi, da masauki, da abinci da zirga-zirga, da biza da inshora. Tikiti yana tsada a Yuli da Agusta saboda lokacin hutun Turai ne. Wanda ya sami tallafi ma kada ya ɗauka an sauke masa nauyin duka; ya karanta takardar tallafin da kyau ya ga abin da ta ƙunsa, kuma ya tanadi kuɗin jirgi daga wani wuri. Game da masauki, kwalejin takan taimaka wajen sama wa mahalarta ɗaki a gidajen mazauna birnin, wanda ya fi otal sauƙi nesa ba kusa ba, amma sai an nema da wuri.

Mutanen Nijar da Kamaru da Chadi suna da wani sauƙi a nan, domin sefa a ɗaure take da Yuro a kan sefa 655.957 ga kowane Yuro ɗaya, saboda haka lissafin da aka yi a Janairu shi ne zai tsaya har Yuli. Ɗan Najeriya ko ɗan Ghana ba shi da wannan kwanciyar hankali, tunda Naira da Sidi suna iya sauya daraja tsakanin ranar da aka sami gurbi da ranar biya. Dabarar ita ce a buɗe asusun ajiyar kuɗin waje a banki, a riƙa sayen Yuro kaɗan-kaɗan ana zubawa, maimakon a jira a sayi duka a rana ɗaya. A Najeriya akwai kuma hanyar Form A ta Babban Banki don biyan kuɗin karatu a waje. Sai a tambayi banki tun da wuri ko gajeren kwas irin wannan ya shiga ciki, da kuma tsawon lokacin da aikin yake ɗauka.

Akwai wani ɗan tarko wajen tura kuɗi ta banki. A fom ɗin tura kuɗi zuwa waje akwai gurbin da ake zaɓar wanda zai ɗauki cajin hanya. Idan aka bar shi a kan raba caji, bankunan da kuɗin ya ratsa sukan yanki nasu, sai kuɗin ya isa da giɓin 'yan Yuro, a can kuma a rubuta cewa ba a kammala biya ba, alhali mai turawa yana nan riƙe da rasit yana ganin ya gama. A zaɓi gurbin da aka rubuta OUR, wato mai turawa ya ɗauki dukkan caji, a rubuta lambar rajista da cikakken suna a wurin bayani, a kuma adana takardar shaidar turawa. Idan da kati za a biya, a fara tabbatar da iyakar abin da banki ya yarda katin ya kashe a waje.

Bayan tallafin kwalejin, sauran ƙofofin da ake ƙwanƙwasawa na gida ne: ofishin lauyoyin da mutum yake aiki, ma'aikatar shari'a ga lauyoyin gwamnati, hukumar ba da tallafin karatu ta jiha, ko sashen horar da ma'aikata na jami'a ga malamai. Duk inda za a je, a tafi da takardar samun gurbi da kasafi a rubuce a shafi guda, domin an fi saurin amsa wa wanda ya ce ga abin da ya tara, ga kuma adadin da ya rage masa. Idan duk da haka kuɗin tafiya ya gagara, tun bayan annobar korona kwalejin ta riƙa ba da damar bin darussan ta intanet a kan kuɗi mai rangwame, sai dai mai bin wannan hanya ba zai sami ɗakin karatun Fadar da cuɗanya da mahalarta ba, waɗanda su ne rabin amfanin zuwa.

Biza

Bizar Schengen, wato bizar bai-ɗaya ta ƙasashen Turai da dama har da Holan, ta gajeren zama ake nema, wadda ba ta wuce kwana 90 a cikin kwana 180. Kuɗinta Yuro 90 ne tun daga Yunin 2024, kimanin sefa dubu 59, ban da ladan cibiyar da take karɓar takardu, kuma ba a mayar da shi ko an hana bizar. Ana buƙatar inshorar lafiya ta tafiya da ta kai aƙalla Yuro 30,000, da fasfo mai shafi biyu da ba a buga komai a kansu ba, wanda wa'adinsa zai wuce ranar dawowa da wata uku. Holan tana son a nuna Yuro 55 na kowace rana, wato Yuro 1,155 na kwana 21, kafin a ƙara ranakun isa da tashi. Doka ta yarda a shigar da takardu tun wata shida kafin tafiya, kuma ko da yake kwana 15 ne wa'adin yanke shawara, yana iya kaiwa 45, ga shi samun ranar ganawa kansa yakan yi wuya idan hutun Turai ya gabato. Ranar da takardar samun gurbi ta iso, ranar ya kamata a nemi layi.

Jami'in biza abu biyu yake dubawa: daga ina kuɗin ya fito, kuma me zai dawo da mai nema gida. Kuɗi mai yawa da ya faɗo cikin asusu dare ɗaya, ana saura mako a kai takardu, tuhuma yake jawowa. Idan mahaifi ko yaya ne zai ɗauki nauyi, ya rubuta wasiƙar ɗaukar nauyi, a haɗa da bayanan asusunsa na watannin baya da shaidar dangantaka. A haɗa kuma da wasiƙar jami'a ko ta wurin aiki da ke nuna an ba da izinin tafiya, ana kuma jiran mutum ya dawo.

Bayan an sauka

Daga filin jirgin Schiphol zuwa Hague tafiyar kusan rabin awa ce a jirgin ƙasa. Da safe ake manyan laccoci, da rana kuma zaman tattaunawa da ziyarar cibiyoyin shari'a na birnin. Musulmi ya shirya wa doguwar rana, domin a Yuli sai wajen ƙarfe goma na dare rana take faɗuwa. Abincin halal kuwa ba ya wuya a unguwar Schilderswijk da babbar kasuwar Haagse Markt, inda saye a dafa ya fi cin abinci a waje araha.

Wanda ya halarci darussa yadda ya kamata yana samun takardar shaidar halarta. Ita dabam ce da difilomar kwalejin, wadda sai an shiga ajin nazari na musamman, an zauna jarrabawar rubutu da ta baki, kuma mutane ƙalilan ne suke samunta. Mai son ya gwada sa'arsa a nan sai ya nemi shiga wannan aji tun lokacin cike fom. Ɗalibin da yake fatan jami'arsa ta lissafa masa kwas ɗin a cikin makinsa kuwa, ya karɓi amincewar shugaban tsangayarsa a rubuce kafin ya tashi, domin jami'arsa ce kaɗai take da ikon yanke wannan hukunci.